Jana'izar Hubert Germain: me ya sa Faransa ta ajiye wa tsohon soja guda kabari har shekara 61?

Ranar Alhamis 11 ga watan Nuwamba na 2021, wata motar yaƙi mai sulke ta haura babban titin Champs-Élysées na birnin Paris sannu a hankali, ɗauke da akwatin gawa lulluɓe da tutar Faransa. Wanda ke cikin akwatin shi ne Hubert Germain, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu, wanda ya rasu wata guda kafin ranar yana da shekara 101. Da yamma aka sa shi a wani kabari da aka gina tun 1960, aka bar shi babu kowa ciki, ana jiran mutum guda.

Duk wanda ya ga hotunan irin wannan jana'iza yakan yi tambayoyi. Wa ke yanke shawarar cewa ƙasa ce za ta yi wa mutum jana'iza? Me ya sa aka ajiye gawa wata cur ba a rufe ta ba? Me wannan dattijo ya yi da sauran sojoji ba su yi ba? Ga mutanen Nijar kuma akwai tambaya ta huɗu: ina matsayin sojojin Afirka da suka yi yaƙin nan tare da shi?

Wane ne Hubert Germain?

An haife shi a Paris ranar 6 ga Agusta 1920. Mahaifinsa janar ne a rundunar sojan mulkin mallaka. A watan Yuni na 1940, lokacin da sojojin Jamus suka murƙushe Faransa cikin ƴan makonni, Germain yana birnin Bordeaux yana rubuta jarrabawar shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa. Da ya ga cewa in ya ci jarrabawar zai yi aiki ne ƙarƙashin gwamnatin da ta miƙa wuya, sai ya mayar da takardarsa fara fat, ya fice. Bayan ƴan kwanaki ya shiga jirgin ruwa a Saint-Jean-de-Luz tare da sojojin Poland, ya nufi Ingila, inda Janar Charles de Gaulle ya yi kira ta gidan rediyon BBC ranar 18 ga Yuni cewa a ci gaba da yaƙi. A lokacin bai cika shekara 20 ba.

Daga nan ya yi Siriya a 1941, sannan a farkon 1942 ya shiga runduna ta 13 ta sojojin Légion étrangère, wadda ke ɗaukar baƙi daga ko'ina a duniya. Da ita ya yi yaƙin Bir Hakeim a hamadar Libiya. A wannan wuri, inda babu komai sai tsohuwar rijiya da rairayi, sojoji kusan 3,700 ƙarƙashin Janar Koenig suka tare rundunar Jamus da Italiya ta Janar Rommel tun daga ƙarshen watan Mayu har 11 ga Yuni 1942. Da ruwa da harsashi suka kusa ƙarewa, sai suka fasa ƙawanyar da aka yi masu cikin dare. Makonni biyun da suka riƙe wurin sun bai wa sojojin Ingila damar ja da baya su sake shiri a Masar.

Germain ya kuma yi yaƙin El Alamein da na Tunisiya. An raunata shi a Pontecorvo ta ƙasar Italiya a watan Mayu na 1944, ya warke, ya sauka a gaɓar Provence a kudancin Faransa a watan Agusta, ya ci gaba da yaƙi har ƙarshe. Bayan ya tuɓe kaki ya zama magajin garin Saint-Chéron, ya zama ɗan majalisar dokoki, ya kuma riƙe muƙamin ministan gidan waya da sadarwa daga 1972 zuwa 1974.

Lambar da mutum 1,038 kaɗai suka samu

Tarihin nan ya isa a yaba, amma akwai ɗaruruwan sojoji da suka bi hanya iri ɗaya. Abin da ya keɓe Germain wata lambar girma ce, da kuma tsawon rai.

Ranar 16 ga Nuwamba 1940, a birnin Brazzaville na Kongo, de Gaulle ya kafa wata ƙungiyar girmamawa mai suna Ordre de la Libération. Ya yi haka ne saboda a lokacin ba shi da ikon ba da babbar lambar ƙasa ta Légion d'honneur, alhali yana bukatar abin da zai saka wa waɗanda suka bi shi tun ana yi masa kallon ɗan tawaye. Wanda aka bai wa sabuwar lambar ana kiransa Compagnon de la Libération, wato abokin gwagwarmayar ƴantar da ƙasa. Babu daraja hawa-hawa a cikinta: janar da ƙaramin soja lamba iri ɗaya suke ɗaurawa.

Mutum 1,038 ne suka same ta, 6 kawai daga cikinsu mata, 271 kuma sai bayan mutuwarsu aka ba su. An kuma ba da ita ga rundunoni 18 da garuruwa 5. A watan Janairu na 1946 aka rufe rajistar. Sau biyu kawai aka sake buɗe ta, domin Winston Churchill a 1958 da Sarkin Ingila George na 6 a 1960. Cikin baƙin da suka samu akwai Janar Eisenhower na Amurka da Sarkin Maroko Muhammadu na 5. Shi kuwa Germain, de Gaulle da hannunsa ya maƙala masa ita a Italiya a watan Yuni na 1944.

Tunda an rufe ƙofa, kowace mutuwa ragi ce babu ƙari. A 2020 saura mutum huɗu. Uku suka rasu cikin watanni uku, na ƙarshensu Daniel Cordier ranar 20 ga Nuwamba. Daga wannan rana Germain ya san inda za a rufe shi.

Kabarin da ke jiran na ƙarshe

A yammacin Paris akwai wani tudu mai tsohon barikin soja da ake kira Mont-Valérien. A can ne sojojin Jamus suka harbe mutum fiye da 1,000 tsakanin 1941 da 1944, ƴan gwagwarmaya da mutanen da aka yi garkuwa da su. Ranar 18 ga Yuni 1960 de Gaulle, yana shugaban ƙasa, ya buɗe wurin tunawa a gindin ganuwar barikin. A cikinsa akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai kaburbura 17. An sa gawa 16, waɗanda aka zaɓa don su wakilci dukan nau'o'in mutanen da suka mutu a yaƙin: sojan ƙasa, na ruwa, na sama, fursunan yaƙi, da mata biyu ƴan gwagwarmaya. Kabari mai lamba 9 aka bari babu kowa, aka ce na abokin gwagwarmayar da zai rasu a ƙarshe ne.

A nan ma'anar al'amarin take. Ba a ce kabarin na wanda ya fi kowa jarumta ba ne, ko wanda ya fi kowa girman muƙami. An bar zaɓin ga ajali. Da Allah ya tsawaita ran wani saje ɗan Cadi ko wani masunci daga bakin teku fiye da sauran, shi ne zai kwanta a wurin. Saboda haka wanda aka rufe a kabarin yana tsaye ne a madadin sauran 1,037, kuma jana'izarsa ban kwana ce da zamani guda.

Yadda ƙasa ke yi wa mutum jana'iza

A Faransa akwai hanyoyi biyu da mutane kan gwama su. Ta farko ita ce obsèques nationales, jana'izar ƙasa ta ainihi, wadda ake kafa wa doka ta musamman, baitulmali kuma ya ɗauki nauyin komai. Irinta aka yi wa marubuci Victor Hugo a 1885, da Marshal Foch a 1929, da Janar Leclerc a 1947. Ta biyu ita ce hommage national, karramawar ƙasa, wadda shugaban ƙasa ke yanke shawararta, bayan an tuntuɓi iyalan mamaci. Ita ce aka fi yi a yanzu, ga sojojin da suka mutu a bakin daga da kuma fitattun mutane.

Germain ya rasu ranar Talata 12 ga Oktoba 2021. Ministar tsaro ta lokacin, Florence Parly, ita ce ta sanar da rasuwar a majalisar dattawa. Ranar Juma'a 15 ga wata Shugaba Emmanuel Macron ya jagoranci karramawar a farfajiyar Invalides, wani katafaren gida da Sarki Louis na 14 ya ba da umarnin ginawa a 1670 domin tsofaffin sojoji da naƙasassun yaƙi. Har yau akwai masu zama a cikinsa, a can ma Germain ya yi shekarunsa na ƙarshe.

Tsarin bikin ba ya canzawa sosai. Shugaban ƙasa yakan iso, a buga taken ƙasa, ya duba fareti. Sai sojoji su shigo da akwatin a kafaɗa, a ajiye shi a tsakiyar fili. Ga Germain, sojojin Légion ne suka ɗauke shi. Lambobin girman mamaci ana jera su bisa wani ɗan matashi, soja guda ya riƙe. Shugaba ya karanta jawabin yabo, a busa begilar matattu, a yi shiru na minti guda, a sake buga take, sannan a fita da akwatin. Kowane mataki yana nuna abu guda ne: a wannan sa'a mamacin ya tashi daga na iyalinsa kaɗai, ya zama na ƙasa.

Maganar jinkiri kuwa, ga al'ummar da ta saba da suturta mamaci cikin ƴan sa'o'i, ajiye gawa wata guda abin mamaki ne. Dalilin shi ne kwanan wata. Ranar 11 ga Nuwamba ita ce ranar da aka tsagaita wutar yaƙin duniya na farko a 1918, kuma ita ce ranar da Faransa ke tunawa da dukan waɗanda suka mutu dominta. A ranar 11 ga Nuwamba 1945 ne ma aka kai gawarwaki 15 na farko Mont-Valérien. Don haka aka jira. Motar da ta ɗauki akwatin sunanta Bir Hakeim. Ta tsaya a Arc de Triomphe, inda kabarin sojan da ba a san sunansa ba yake, aka yi biki a gaban manyan baƙi, ciki har da mataimakiyar shugaban Amurka ta lokacin, Kamala Harris. A Mont-Valérien kuma Macron ya ɗora bisa akwatin wata ƴar alamar gicciyen Lorraine, tambarin mayaƙan de Gaulle, wadda aka sassaƙa daga katakon rufin cocin Notre-Dame da ya ƙone a 2019.

Waɗanda suka ce a'a

Ba kowa ke son irin wannan girma ba. De Gaulle kansa ya bar wasiyya tun 1952 cewa kada a yi masa jana'izar ƙasa, kada shugaba ko minista ya zo a hukumance, kada a yi jawabi. Da ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1970, a ƙauyensa na Colombey-les-Deux-Églises aka rufe shi, gaban iyalinsa, mutanen ƙauye, sojoji da abokan gwagwarmayarsa. Shugabannin duniya a cocin Notre-Dame ta Paris suka taru, ba tare da gawa ba.

Akwai kuma Lazare Ponticelli, haifaffen Italiya, wanda shi ne na ƙarshe cikin sojojin Faransa na yaƙin duniya na farko. A 2005, zamanin Shugaba Jacques Chirac, aka yi alkawarin jana'iza ta ƙasa ga duk wanda ya zama na ƙarshe. Ponticelli ya ƙi da farko. Hujjarsa ita ce waɗanda suka riga shi mutuwa ba su samu komai ba, kuma bai ga dalilin da zai sa a fifita shi don kawai ya fi su daɗewa a duniya ba. Daga baya ya amince bisa sharaɗin a yi abin cikin sauƙi, a sadaukar da shi ga dukan matattun yaƙin, sannan a rufe shi a kabarin iyalinsa. Ya rasu ranar 12 ga Maris 2008 yana da shekara 110, aka karrama shi a Invalides ranar 17 ga wata, aka cika masa sharuɗɗansa.

Ina sojojin Afirka?

Hujjar Ponticelli ta fi nauyi idan aka juyo wajen Afirka. Ƙasa ta farko mai girma da ta bi de Gaulle ita ce Cadi, maƙwabciyar Nijar, ranar 26 ga Agusta 1940, bisa jagorancin gwamnanta baƙar fata Félix Éboué. Kamaru, Kongo da Ubangi-Shari, wato Afirka ta Tsakiya ta yau, suka biyo baya cikin ƴan kwanaki. Daga Cadi ne rundunar Leclerc, wadda akasarinta baƙaƙen fata ne, ta ratsa hamada ta kama Kufra a Libiya a watan Maris na 1941. A Bir Hakeim, kusa da Germain, akwai bataliya guda ta ƴan Ubangi-Shari. Ɗaya daga hafsoshinta, Georges Koudoukou, ya mutu sanadin raunin da ya samu a wurin. Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka sun kasance a hannun gwamnatin Vichy mai bin Jamus har watan Nuwamba na 1942, amma ƴaƴansu sun yi yaƙin 1940 a Faransa, sun kuma sake komawa bayan 1942. Sunan tirailleurs sénégalais da aka laƙaba masu tun 1857 yakan ruɗi mutane, domin a cikinsu akwai ƴan Nijar, ƴan Mali, ƴan Gine da sauransu.

A ɗakin Mont-Valérien ba a manta da su ba. Huɗu daga cikin gawa 16 ƴan Afirka ne: Boutie Diasso Kal daga Burkina Faso ta yau, wanda aka kashe a watan Mayu na 1940, da Maboulkede ɗan Cadi, wanda ya faɗi a Provence a watan Agusta na 1944, da wani ɗan Maroko da wani ɗan Tunisiya. Germain yana kwance ne tsakaninsu. Éboué kuma an kai gawarsa Panthéon, makwancin manyan Faransa, a 1949. Amma cikin mutum 1,038 da suka samu lambar, baƙaƙen fatar Afirka ba su cika 20 ba.

Waɗanda suka tsira da rai su ne suka ga abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A ƙarshen 1944 aka janye dubban sojoji baƙaƙe daga bakin daga, aka miƙa kakinsu da bindigoginsu ga samarin Faransa, kafin a kai ga bukin nasara. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi ƴan Afirka da ke neman a biya su haƙƙinsu. Hukumomin lokacin sun ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunan kisan kiyashi.

Sai kuma fansho. Wata doka ta Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴancin kai, ya tsaya cak yadda yake, alhali na takwarorinsu Faransawa yana ƙaruwa kowace shekara. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, ya ci nasara a kotun ƙoli mai shari'ar hukuma a 2001, shekara biyar bayan mutuwarsa. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga 1 ga Janairu 2011, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010. A lokacin akasarin masu haƙƙin suna kushewa. A 2023 ne kuma aka yarda ƴan dattawan da suka rage su koma gida da zama ba tare da sun rasa tallafin tsufa ba, bayan shekarun da suka yi ana tilasta masu zaman rabin shekara a Faransa. Tara daga cikinsu suka koma Senegal a watan Afrilu.

Shi ma yaƙin duniya na farko yana da nasa na ƙarshe a Afirka. Abdoulaye N'Diaye, ɗan ƙauyen Thiowor a Senegal, ya rasu a Nuwamba 1998 yana da shekara 104, a jajibirin ranar da za a maƙala masa lambar Légion d'honneur, shekara 80 bayan ƙare yaƙin.

Abin da jana'izar ƙasa ke iya yi

Yabon gwani ya zama dole, kuma babu mai ja da cewa saurayin da ya mayar da takardar jarrabawa fara a 1940 ya cancanci abin da aka yi masa. Jana'izar ƙasa tana sa al'umma ta tsaya yini guda ta kalli tarihinta, yara su tambayi manya, a kira sunayen wuraren da aka fara mantawa. Amma ba ta biyan bashi. Girman da aka bai wa na ƙarshe yana da daraja ne gwargwadon yadda aka riƙe sauran da iyalansu, kuma wannan awo ya shafi kowace ƙasa mai sojojin da ke mutuwa a bakin daga, ba Faransa kaɗai ba.

Dangantakar Yamai da Paris ta yi tsami, sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disamba 2023. Sai dai tarihin ƴan mazan jiya na iyalansu ne kafin ya zama na kowace gwamnati. Shugabannin Nijar biyu, Seyni Kountché da Ali Saibou, a rundunar Faransa suka fara aikin soja. A Damagaram, Tawa, Maraɗi da Dosso akwai gidajen da har yau suke ajiye da lambar kaka ko littafin sojansa a ƙasan akwati. Wanda ke son bin sawun kakansa zai iya farawa da lambar soja da shekarar ɗauka da ke rubuce cikin littafin. Takardun ƙananan sojojin mulkin mallaka suna ajiye a cibiyar adana bayanan soja ta birnin Pau, sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi kuma ana iya neman su a shafin intanet na Mémoire des hommes.

A Mont-Valérien dai kaburbura 17 sun cika, ba za a ƙara rufe kowa a ɗakin ba. Nauyin riƙe sunan ƙungiyar ya koma wuyan garuruwa biyar da suka samu lambar: Paris, Nantes, Grenoble, Vassieux-en-Vercors da tsibirin Sein.